Iya Ta Ƙi Ɗaukar Salamatu

Dutse,
10 ga Afrilu, 2000.

Zuwa ga Yayata Hauwa'u,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara duka. Yaya Ringim, yaya zafi? Yaya ciwon ƙafar nan taki, da sauƙi? Mu nan lafiya lau, ni da jaririya, mun gode Allah.

Saƙonki ya iso ta hannun direban da kika ba: atamfa, sabulu, da majanyin Inna. Da na kwance ƙullin na ga majanyin nan, sai da na tura ƙofa na yi kukana mai isata. Ban san yana wurinki ba tun rasuwarta. Allah ya saka miki da alheri. An yi suna ranar Laraba a tsakar gida, Baba ya raɗa mata Salamatu, wai saboda irin shekarar da muke ciki. Ban riƙe ki a zuci ba don ba ki zo ba, na san yadda gari yake.

To Yaya, ga abin da ya sa na ɗauki biro da hannun jego. Iya, mahaifiyar maigidana, ta ƙi ɗaukar yarinyar nan. Yau kwana goma sha uku da haihuwa, ko ɗan yatsanta ba ta taɓa ba.

Kada ki ɗauka ƙiyayya ce. Tun daga ƙauyensu ta taso da buhun gero a ka. Ita ke hura wuta ta dafa mini ruwan wanka da ganyen darbejiya, ruwan da ko kaza aka tsoma sai ta fige, a cikin wannan zafi na bazara. Ita ke dama kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye kwano. Ita ke wanke tsummokaran yarinya. Amma in na miƙa mata ita, sai ta mai da hannuwa baya kamar na miƙo garwashi. Wankan jaririyar ma Hajiya Kubura ce ke yi, mai gidan da muke haya.

Dalilinta ɗaya ne, wai ba a yi wa yarinya baftisma ba. Ke kin bar coci tun kina budurwa da kika musulunta, bari in tuna miki. A cocinmu ba a yi wa jariri baftisma, sai mutum ya girma ya buɗe bakinsa ya ce ya ba da gaskiya. Abin da ake yi wa jariri shi ne godiya. In maijego ta yi arba'in, Lahadin da ke biye sai a kawo shi coci, kakarsa ta ɗauko shi tun daga bakin ƙofa, matan zumuntar coci na waƙa a bayanta, ta miƙa wa Fasto, ya ɗaga shi ya gode wa Allah, iyaye su yi alkawarin reno. Ba ruwa a ciki ko ɗigo. Su Iya kuwa 'yan Katolika ne, cocin Fada, a wurinsu tun jariri na tsumma ake zuba masa ruwa a ka. Ta ce wannan godiyar tamu biki ne kawai na shinkafa da tafi.

Dama tana da tsohon haushi. Kin tuna sharaɗin da Baba ya kafa kafin aurenmu, sai da maigidan ya dawo cocinmu aka sake yi masa baftisma a rafi. Har yau Iya na cewa an sake wanke mata ɗa kamar wankin farko bai fita ba.

Ranar sha huɗu ga Mayu ce godiyar. Inna ba ta da rai, kaka ɗaya ta rage wa yarinyar nan a duniya, ita kuma ta ɗaure hannuwanta. Da an yi ruwan farko za ta koma ƙauye shuka. Ina tsoron ta tafi ba ta taɓa jin nauyin jikarta ba, kuma na san in ta tafi a haka, zuciyata ba za ta yafe mata da wuri ba.

Ki gaishe da Alhaji, ki shafa mini kan yara. Ki rubuto.

Ƙanwarki,
Alheri.

Dutse,
26 ga Afrilu, 2000.

Yaya Hauwa'u,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina fatan zazzaɓin da kika ce ya kama autarki ya sauka. Salamatu na nan tana ƙiba, ni ce dai ke ramewa.

Na ga wasiƙarki, na kuma yi dariya da shawarar da kika kawo, wai a yi duka biyun kowa ya huta, a kai ta wurin Fada da safe a kai ta wurin Fasto da hantsi. Yaya, kamar ba ki san Babanki ba! Na gwada faɗa masa. Ko bari in rufe baki bai yi ba, ya zaro Littafin nan nasa da ya sha jan biro, ya karanta mini aya bakwai a tsaye. Ya ce shekara ashirin yana dattijon coci yana koya wa mutane abu ɗaya, ba a kan jikarsa zai tashi ya lashe maganarsa ba. Ya ce in aka zuba mata ruwa, kada a neme shi ranar godiya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, su biyun ba sa taɓa yin gardamar nan da juna. In Baba ya zo, Iya ta shimfiɗa masa tabarma, su yi ta gaisuwa, ina gajiya, yaya mutanen gida, yaya zafi, har kunne ya gaji. Yana fita sai ta zauna kusa da ni ta ce in gaya wa mahaifina kaza. In na je raka shi zaure, shi ma ya ce in fahimtar da surukata kaza. Na zama ɗan aike tsakanin tsofaffi biyu, ga ɗinki bai gama warkewa ba.

Shi kuwa ƙanin naki, uban 'yar, da ya ji an fara zancen sai ya tuna akwai aikin da ya bari a sakatariya. Mutumin da tun da muka zo Dutse bai taɓa kai ƙarfe uku a ofis ba, yanzu sai la'asar sakaliya. Jiya da na tsare shi, sai ya ce in kwantar da hankalina in bar masa komai, yana da dabara. Kin san dabararsa. Shi ne ya taɓa gyara mana rediyo ta daina magana gaba ɗaya.

Ista ta wuce, an ce rabin kujerun coci ba kowa. Tun abin da ya faru a Kaduna mutane da yawa sun tura iyalansu gida, ga zancen shari'a kullum a rediyo, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Fasto ya ce ranar godiya ba ganga, ba lasifika, ba rakiya a titi, a shiga a fito. Na yarda. Maƙwabtanmu ba wanda ya taɓa yi mana kallon banza, amma ba lokacin tada ƙura ba ne. Shi ya sa ba zan matsa miki ki zo ba, ko da yake raina na so. Shugabar matan zumunta ta aiko cewa in Iya ba za ta ɗauki yarinya ba, ita za ta ɗauka. Ta kyauta, amma ki duba mini, kaka na zaune da ranta da lafiyarta, bare ta shigo da jikarta gaban jama'a. Da wane ido zan kalli mutane?

Akwai abin da na gani shekaranjiya da ya tsaya mini a rai. Ina banɗaki ina wanka sai Salamatu ta tsala kuka. Na leƙo ta kafar ƙyaure, na ga Iya tsaye a kanta tana yi mata fifita, tana lallashi da baki. Ta sunkuya, ta miƙe, ta sake sunkuyawa, daga ƙarshe ta ruga ta kirawo Hajiya Kubura ta ɗauke ta. In yarinyar na barci kuma, sau nawa na kama ta ta kara kunne kusa da hancinta tana saurare. Wane irin taurin kai ne wannan, mutum ya azabtar da kansa ya azabtar da mu? Wallahi na gaji, ga ruwan zafi, ga kunu, ga wa'azi ta dama da hagu.

A gaida kowa da kowa. Ki sa mu a addu'a, taku ma muna so.

Taki,
Alheri.

Dutse,
6 ga Mayu, 2000.

Yayata,

Ina gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, kunya ce ta cika ni, kuma ba wanda zan iya gaya wa sai ke.

Dabarar maigidan ta fito ranar Alhamis. Ashe wani abokinsa ya samu, mai shagon magani a bakin kasuwa, ya aro masa farar doguwar riga ta mawaƙan coci, wai ya zo gida a matsayin Fada, ya yayyafa wa yarinya ruwa. A lissafinsa, Iya za ta gamsu an yi baftisma, Baba kuma ba abin da zai ce tunda ba ta gaskiya ba ce. Ba zan ɓoye miki ba, ya gaya mini da safe, na ce masa wannan hauka ne, amma ban hana ba. Har ni na ɗauraye kwanon ruwan. Gajiya ce ta kai ni, ba don ta wanke ni nake faɗa ba.

Da aka ce wa Iya Fada ya zo, Yaya, da kin ga fuskarta. Ta shiga ta sake zane, ta ɗaura sabon kallabi, ta ɗauko carbinta, ta fito ta durƙusa har ƙasa. Sannan ta ɗaga kai ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sai ta miƙe a hankali ta kakkaɓe gwiwa, ta yi masa sannu da kasuwa, ta ce man zafin da ya sayar mata wancan makon bai yi mata aiki ba. Ashe wurinsa ta saya, mu ba mu sani ba. Bawan Allah ya fita har yana taka gefen rigar.

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta dubi ɗanta kawai, ta dube ni, ta shiga ɗaki ta fara ɗaure kayanta. Hajiya Kubura ce ta tare ƙofa, ta ce ba a taɓa barin maijego kafin arba'in ba, a Musulmi ko a Kirista, kuma ba daga gidanta za a fara ba. Ta ja ta zuwa sashenta. Suka wuni a can, ko abinci ba su nema ba.

Jiya Hajiya ta zo yi wa Salamatu wanka, ta zauna ta gaya mini abin da Iya ta ba ta izinin faɗa. Kafin maigidana, Iya ta haifi 'ya mace, shekara talatin da huɗu ke nan. Lokacin ba su daɗe da shiga addini ba, Fada kuma sai bayan wata uku yake zagayowa ƙauyensu a kan babur. Kwana shida ta yi tana rungume da yarinyar, ba ta yarda kowa ya karɓa ba. Rana ta shida zazzaɓi ya ɗauke ta, saura kaɗan suna. Ba a raɗa mata suna ba, ba a yi mata baftisma ba. Mai kula da cocin ƙauyen a lokacin ya ce ba za a sa ta a maƙabartar coci ba, aka binne ta bayan rumbu, ba waƙa ba addu'a. Aka ce wa Iya ta yi shiru ta manta, wata haihuwar na tafe. Ta yi shirun, har ɗanta bai san yana da yaya mace ba.

Sai bayan shekaru ta ji a wani wa'azi cewa in jariri na bakin mutuwa, ko uwarsa ce ta zuba masa ruwa da sunan Allah, ya wadatar. Ta ce wa Hajiya randa na nan cike a bakin ƙofarta ranar, taku biyu tsakaninsu. Tun daga nan ta yi wa kanta alkawari ba za ta ƙara sa hannu a kan jaririn da ba a yi wa baftisma ba, don in ta ɗauka zuciyarta za ta kama, in kuma aka karɓe, ba za ta iya ta biyu ba.

Yaya, ki duba wannan. Kwana talatin da tara matar nan ke dafa ruwa a gidana, yarinya na kwance gabanta, sau da yawa ba kowa a ɗakin. Da ta so, da ta tsoma hannu ta yi abinta ba wanda ya sani. Ba ta yi mana ta bayan fage ba ko sau ɗaya. Mu ne masu ilimi muka yo aron riga don mu yaudare ta. Na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ta miƙo mini kunu. Har yanzu dai hannuwanta na baya, kuma ƙullin kayanta na nan a ɗaure. Saura kwana takwas.

Ki gaida Alhaji, amma kada ki ba shi labarin rigar nan, don Allah.

Ƙanwarki mai jin kunya,
Alheri.

Dutse,
16 ga Mayu, 2000.

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da dukan mutanen gida. Yaya ƙafa? An ce kun samu yayyafi a Ringim, Allah ya sa damina mai albarka. Na gode da dambun naman da kika aiko, ya iso ranar Asabar, ya kuma yi rana.

Na san kina jiran labari. Ranar Laraba na yi ta maza na gaya wa Baba komai, har da rigar. Na shirya shan aya goma, amma ko ɗaya bai karanto ba. Ya tashi ya tafi ko sallama bai yi ba. Ranar Juma'a ya dawo, ya wuce tabarmar da aka shimfiɗa masa, ya je bakin ƙofar Iya ya tsuguna. Karon farko ke nan da suka yi maganar nan ba ta bakina ba, ni kuwa ina daga ɗaki na kasa kunne, ba zan yi miki ƙarya ba.

Ya ba ta haƙuri kan abin da muka yi. Sannan, saboda Baba Baba ne, ya ƙara da cewa duk da haka shi ba zai iya yarda da baftismar jariri ba. Na dafe kai na ce shi ke nan, ya ɓata. Iya ta ce ta sani, ita ma ba ta canja ba. Can sai ta tambaye shi, ita wannan godiyar tamu, sai mai rai ake yi wa? Ta ce baftisma ta riga ta wuce 'yarta, ta sani. Amma kwana shidan nan da aka ba ta, ba wanda ya taɓa cewa an gode, ko ita kanta.

Na ji ƙarar takardu, Baba na buɗe Littafi, gaba da baya, ya daɗe. Sannan ya rufe. Yaya, Babanmu, da bakinsa, ya ce bai sani ba. Tun da aka haife ni ban taɓa jin kalmar nan daga gare shi ba. Ya ce amma bai ga inda aka hana ba, zai je ya ga Fasto.

Har safiyar Lahadi Iya ba ta ce mini za ta ɗauka ko ba za ta ɗauka ba. Haushi ya sa ban tambaya ba. Muka isa coci, mutane ba su fi arba'in ba, ba ganga, sai tafi. Hajiya Kubura ta rako mu har gindin darbejiyar da ke waje ta zauna, ta ce nan za ta jira. A bakin ƙofa shugabar zumunta ta miƙo hannu, ni ma na miƙa mata yarinya, idona na ƙasa. Sai na ga wasu hannuwa sun shigo tsakaninmu, masu kaushi. Ban saki da wuri ba, tsoro nake kada ta yar da ita. Iya ta ce in saki, ta iya.

Daga ƙofa zuwa gaban Fasto bai fi taku ashirin ba, amma mun daɗe a hanya. Matan suka rage waƙa don su daidaita da tafiyarta. Fasto ya karɓi Salamatu da ƙyar don Iya ba ta son saki, ya ɗaga ta ya yi godiya, muka yi alkawarinmu. Sannan ya ce akwai wata yarinya kuma da za a gode wa Allah dominta, wadda aka ba gidan nan aro na kwana shida, shekaru da yawa da suka wuce. Ya juya ya tambayi Iya sunanta. Na ɗauka za ta ce ba a raɗa ba. Sai ta buɗe baki ta ce Rifkatu. Ashe tun tana ciki ta zaɓa, ta riƙe shi shekara talatin da huɗu ba ta faɗa wa kowa ba. Maigidan ya fashe da kuka kamar yaro, Baba ya yi ta goge tabarau da bakin riga. Ni dai ban san lokacin da aka ce amin ba. Da muka fito Hajiya ta ga wadda ke riƙe da yarinya, ta manta da dokar Fasto ta rangaɗa guɗa a bakin titi.

Kada ki ɗauka an huta. Iya na nan kan bakanta, ta ce godiya daban baftisma daban, kuma ba za ta fasa faɗa ba sai ranar da ta daina numfashi. Baba ya ce Allah ya ba ta tsawon rai, shi ma yana nan. Jiya aka aiko an yi ruwa a ƙauyensu, ta ce a shuka ba ita, ta kwance ƙullin kayanta. Yanzu sabuwar damuwata, ta ƙi sauke yarinyar. Tun safe take goye da ita da majanyin Inna, da ita take shara, da ita take tankaɗe. Ina rubuta miki wasiƙar nan nono ya cika har ya jiƙa mini riga, na roƙa sau uku a ba ni 'yata, an ce in bari ta farka.

Tana can bayan ɗaki yanzu tana jijjiga ta, tana yi mata magana a hankali. In ta zaci ba mai jin ta, ba Salamatu take kiranta ba. Na ji, kuma ban gyara mata ba.

Ki gaishe da Alhaji da yara. In gari ya lafa ki zo ki ga 'yarki, in Iya ta yarda ta ba ki.

Ƙanwarki har kullum,
Alheri.